Adar: baƙi, yara, da daɗin da Allah ya ɓoye cikin aikin kullum

Mai tafiya Tawa daga Yamai ko daga Maraɗi yana barin babbar hanyar ƙasa a mararrabar Tsarnawa, gabas kaɗan da Birnin Kwanni, ya miƙe arewa sama da kilomita 100. Tun kafin Badagishiri ƙasa ke sake kama. Rairayi ya ja baya, tuddai masu baƙin dutse su fito, shimfiɗaɗɗu a sama kamar an sare su da adda, tsakaninsu kuma kwaruruka inda gawo da gonakin albasa ke riƙe da ɗan tsanwa har cikin bazara. Adar ke nan, ƙasar da Agabba ɗan Sarkin Agadas ya ci da yaƙi a 1674, wadda masanin tarihi Djibo Hamani ya rubuta labarinta, har aka sa wa jami'ar Tawa sunansa.

Ita kanta Tawa daga ƙauyuka biyu ta tashi, Bilbis da Fakawa, waɗanda har yanzu unguwanni ne cikin gari. Ranar Lahadi kasuwarta ke ci, Bahaushe da Buzu da Bafillace da Balaraben Azawak su haɗu kan dabba da cuku da hatsi. A nan aka yi kokowar ƙasa ta farko a 1975. Duk wannan mai karatu ya sani. Abin da ido ke saurin tsallakewa shi ne allunan ƙarfe da ke tsaye a bakin hanya tun daga shigowa gari, wani sabo, wani ya yi tsatsa har ba a karanta shi, kowane ɗauke da sunan wani foroje da tutar wata ƙasa. Wanda ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya karanta tarihin shekaru arba'in na baƙin da suka zo Adar, kuma mafi yawansu saboda yara suka ce sun zo.

Ba abin mamaki ba ne. Da an yanke hatsi, an ɗaure damma, an zuba a rumbu, sai tashoshin Tawa su cika maƙil. Adarawa na kiran wannan tafiya bida: wasu Abijan, wasu Legas ko Kamaru, wasu su haye hamada zuwa Libiya da Aljeriya. Akwai garuruwa a wajejen Kalfu, Barmu da Tamaske inda, daga ƙarshen kaka zuwa faɗuwar ruwan fari, namijin da ake gani a gari ko tsoho ne, ko liman, ko mushen lakwal. Saboda haka duk baƙon da ya sauka a ƙauyen Adar da rani, yara ne farkon masu tarbarsa, su ne kuma na ƙarshen masu rakiyarsa, suna bin mota da gudu cikin ƙura.

Ɗan kasuwa da ma'aikaci suna da nasu ma'aunin baƙi: yawan motoci kat-kat, kuɗin hayar gida, kwangilar siminti, kuɗin zaman taro. Ba laifi ba ne, kowa da inda yake neman tuwonsa. Sai dai a ƙarƙashin masu biro da masu rahoto akwai wani rukuni da ba a cika yin labarinsa ba, wato masu sa hannu a jikin yaro. Kuma kada a ɗauka duk Turawa ne. Cikin ma'aikatan jinya da likitocin da ƙungiyoyi suka kawo jahar Tawa, da yawa ƴan Afirka ne, daga Kwango, Gine, Kamaru ko Burkina, kamar yadda kakannin ma'aikatan yau da dama a hannun malaman Dahome da Togo suka fara riƙe alli.

Shekarar 2005 ce ta tara su fiye da kowace. Fari da fara sun cinye amfanin 2004, farashin hatsi ya yi sama, mata suka koma jiƙa anza. Ƙungiyar likitoci ta Médecins Sans Frontières ta buɗe cibiyoyin jinyar tamowa a Tawa da Keita, bayan na Maraɗi da Dakwaro, kuma a wannan shekara ta yi jinyar yara sama da 60,000 a Nijar. Ƙungiyar Concern ta ƙasar Ailan, wadda ta shigo a 2003, ita ma ta maida hankalinta ga tamowa a Tawa. Jaridun duniya sun ɗauki hotuna sun tafi. Aikin da suka bari a baya ba ya da kyan hoto, kuma shi ne ya kamata a duba a tsanake, don a cikinsa abin yake.

Yini a irin wannan cibiya, wadda ma'aikata ke kira CRENI, yana somawa ne da awo. Ana rataya yaro a ma'auni cikin wando ko kwanon roba, ana shimfiɗa shi bisa katako don a auna tsawonsa, ana ɗaura masa wani ɗan ƙyalle mai launi uku a damtse: tsanwa lafiya, ɗorawa a yi hattara, ja kuwa, ƙasa da milimita 115, haɗari. Sa'an nan a danna masa babban yatsa a bayan ƙafa, a ƙirga uku. In gurbin yatsa ya zauna, kumburi ne, ko da yaron ya yi kama da mai ƙiba. Wanda ya galabaita ba a cusa masa abinci, don jikinsa ba zai ɗauka ba. Madara ce mara ƙarfi, F-75, ake ba shi kaɗan-kaɗan, da cokali ko da ɗan bututu ta hanci, kowace awa uku, dare da rana. Ƙarfe sha biyun dare akwai madara, ƙarfe uku akwai madara. A ƙasar da zafi ke narkar da kwalta, sanyin asuba na iya kashe yaro mai tamowa, don haka ake zagayawa da tocila ana tada iyaye mata: “Uwar yaro, rungume shi, lulluɓe shi.” Gobe a sake awo. Jibi a sake. Giram hamsin da ya ƙaru a rubuta shi a takarda kamar an ci riba a kasuwar Lahadi.

Yaron da tamowa ta kama sosai ba ya wasa, sau da yawa ko kuka ba ya yi. Yana kallon mutum da idon tsoho, ƙuda ya sauka masa a fuska bai kore ba. Ana kwana huɗu, biyar, mako guda ana ɗura madara cikin wannan shiru. Sai wata safiya kumburi ya saɓe, ya kai hannu ga kofi da kansa, ko ya fizge alƙalamin mai jinya, ya yi murmushi. Likitoci sun daɗe da sanin cewa dawowar cin abinci da dawowar murmushi suna cikin alamun yaro ya juyo daga bakin kabari. Har ma ƙa'idodin Hukumar Lafiya ta Duniya na jinyar tamowa sun sa wasa da yaro da nuna masa ƙauna cikin matakan magani, daidai da madara da maganin ƙwayoyin cuta. Wato a wannan ɗaki farin ciki ba ƙari ba ne da ake samu bayan an gama aiki. Yana cikin aikin, ana jiran sa kamar yadda ake jiran sakamakon awon jini, kuma idan ya zo ɗaki duka ya sani: uwa ta ce alhamdu lillahi, maƙwabciyar gado ta yi guɗa a hankali, baƙuwar da ba ta kai kalma ɗari ta Hausa ba ta ce madalla.

Bahaushe yana da kalma ga irin wannan hidima, aikin lada. Kalma ce mai kyau, amma tana tura sakamako gaba, zuwa ranar da za a buɗe littafi. Ba a cika faɗin ɗaya rabin ba, cewa Ubangiji kan sa wa bawa wani zaƙi a cikin aikin kansa, tun yanzu, kamar kafin alƙalami. Masu zuwa don a gan su, ko don su ga an canja duniya cikin wata shida, su ne ke fara gajiya; Adar ba ta da saurin yabo, dutsenta ma sai an sha wuya yake ba da ruwa. Waɗanda ke daɗewa, Musulminsu da Kiristansu, galibi su ne waɗanda suka daina jiran babbar rana, suka sami natsuwa cikin wanke kofi, naɗe zane, da maimaita wa uwa ta goma abin da aka gaya wa ta farko ba tare da an ɗaga murya ba. Malaman addini na cewa niyya ce ke maida al'ada ibada. In haka ne, madarar ƙarfe ukun dare ba ta yi nisa da nafila ba.

Akwai kuma dariya, wadda rahotanni ba su ƙidayawa. Baƙo ba ya mako biyu sai an laƙaba masa suna na gida, ya zama Hadiza ko Salifu ko Dogo, sunan fasfo ya koma aljihu. Hausarsa ta zama abin nishaɗin ɗakin jinya, musamman in ya koyo ta a littafin Kano ya zo ya tarar Adarawa na cewa “shina” da “hwari”. Mata su gyara masa, su sake gyarawa, su ƙyalƙyale. Wanda ya zo koyarwa sai ya wayi gari ɗalibi a hannun matar da ba ta taɓa shiga lakwal ba, kuma wannan saukowa daga kan doki tana cikin abin da ke sanyaya rai.

Ba kullum ake murmushi ba. Daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da rumbu ya ƙare kuma zazzaɓin cizon sauro ya yi ƙamari, gadaje kan cika har a shimfiɗa tabarmi. Akwai yaran da ake kawowa daga nesa bisa amalanke, an riga an bi ta wurin boka da wanzami, sai a iso da magariba a rasa su kafin asuba. A nan baƙo ke cin karo da wani abu da makarantar likita ba ta koya masa ba. Uwa ta goya gawar ɗanta kamar mai barci, don direba kada ya ƙara mata kuɗin mota, ta juyo ta yi wa masu jinya godiya. Mata su ce mata Allah ya sa mai ceto ne. Wasu baƙi sun fassara wannan haƙuri da rashin damuwa, kuma sun yi kuskure babba. Wanda ya zauna ya ga hawayen da ake sharewa da bakin mayafi ya san ba haka ba ne. Wasu kuwa a nan suka koyi iyakar hannunsu: cewa su masu ba da madara ne, ba masu ba da rai ba. Mutumin da ya sauke wannan kaya daga kansa ya fi iya komawa bakin aiki da safe.

Tsohuwar shaidar wannan zama tana kudancin jahar, a Galmi, garin jar albasa, inda mishan SIM ta buɗe asibiti a 1950. Shekara saba'in da ƴan kai likitoci da ungozomomi na zuwa daga Amurka, Ostareliya, Turai da sauran wurare, wasu da iyalinsu, suna aiki tare da ƴan ƙasa, majinyata na zuwa har daga Sakkwato. Ba a ɓoye ba, bishara ce ta kawo su, kuma zargin da iyaye Musulmi ke yi game da ƴaƴansu ba abin rainawa ba ne. Duk mai taimakon da ya ɗaura magani da sharaɗin addini ya ci amanar maganin da addinin gaba ɗaya. Amma gaskiya a faɗe ta: Galmi na nan garin Musulmi, kiran salla na shiga har ɗakin haihuwa, kuma tsoffin yankin ba su tuna baƙon da wa'azinsa, suna tuna shi da daren da ya kwana tsaye kan jikansu. Ta ɓangaren Musulmi ma akwai irin wannan misali a duniya: likita ɗan Kuwaiti Abdurrahman as-Sumait, wanda ya rasu a 2013, ya bar daular ƙasarsa ya ƙarar da kusan shekara talatin cikin marayun Afirka, ƙungiyar da ya kafa kuma ta yi aiki har a Nijar.

Daga Tawa in an nufi gabas ta Tamaske, kamar kilomita 70, sai Keita. A nan ne, daga 1984, Italiya da hukumar FAO suka kafa forojen da ya fi kowane suna a Adar, wanda Renato Carucci ya jagoranta shekaru da dama. An haƙa ramuka a jikin tuddai, an jera duwatsu, an tare ƙoramu, an dasa miliyoyin itatuwa, an gina hanyoyi, rijiyoyi da azuzuwa. Tun da maza na bida, mata ne suka yi mafi yawan aikin, dutse a kai, goyo a baya, ladansu abincin hukumar PAM. Yaran da suka yi barci a inuwar tulin dutse a wancan zamani yau su ne masu gari. Motocin foroje sun daɗe da mutuwa. Itatuwan da suka kama suna nan, kuma ƙarƙashinsu wasu yara ke kiwon awaki. Haka ma forojen Japan na “Lakwal don kowa”, wanda a jahar Tawa ya fara a 2004 kafin ya bazu cikin ƙasa: abin da ya bari ba gini ba ne, al'ada ce ta iyaye su zaɓi kwamitinsu, su yi rumfar zana da hannunsu, su leƙa ko mushe ya zo.

Gaba da tabkin Tabalak, inda Adar ke miƙa hannu ga Azawak, labari ya sake launi. Bayan rikicin Mali na 2012, dubban makiyaya suka ƙetaro da iyalinsu da dabbobinsu, aka zaunar da su a Intikan da Tazalit. Cikinsu akwai malamai, na boko da na allo, waɗanda suka tara yara ƙarƙashin tanti suka ci gaba da karatu. Su ma masu aiki da yara ne a ƙasar waje, sai dai ba su zaɓi tafiyar ba, ba su da tikitin komawa. An kai hari Tazalit a Oktoban 2016, an kai Intikan a Mayun 2020, sa'an nan ranar 21 ga Maris 2021 aka kashe mutum 137 a ƙauyukan Tiliya, har da yara. Mai alli a wannan yanki ya san abin da ya sa a kasada duk safiyar da ya buga ƙararrawa.

Adar ba karɓar irin waɗannan baƙi kaɗai take yi ba, tana kuma aika nata. Cikin ayarin bida akwai malamai. A Ajame da Abobo na Abijan, a zangon Kumasi, a Nima ta Ankara, a Agege ta Legas, ana samun Ba'adare da ke sayar da goro ko albasa ko tsire da rana, amma da asuba da bayan magariba yana zaune bisa buzu a ƙofar wani shago ko baranda ta masallaci, yara ashirin a gabansa. Wasu ƴaƴan Hausawa ne da aka haifa a can, Hausarsu ta gauraye. Wasu ƴaƴan Jula ne ko Mosi ko Yarbawa. Aikinsa ɗaya ne da na kakansa a Illela: ya fiƙe alƙalami, ya dama tawada da ƙaro, ya rubuta, yaro ya biya, a wanke allo, a sake. Daga Fatiha zuwa Nasi, zuwa Falaƙi, a hau sama sannu a hankali har izu sittin, in Allah ya nufa. Kuɗin Laraba ba ya biyan hayar ɗaki. Abin da yake samu shi ne ranar da yaron da ya yi wata uku yana tuntuɓe kan harafi guda ya wuce shi bai sani ba, ya ɗago kai yana mamakin kansa, ko ranar da wani magidanci mai gemu ya durƙusa a tasha ya ce, “Allah gafarta malam, ba ka gane ni ba?” Tsakanin wannan malami da baƙuwar da ke zagaya gadaje da tocila akwai teku, da harshe, da addini wani lokaci, amma da za su zauna su kwatanta yininsu da sun fahimci juna.

A nan ma dole a ware tsaki da tsakuwa. Wanda ya kwashi ƴaƴan mutane ya kai su birnin wasu ya sake su da kwano a bakin danja, yana ƙirga abin da suka kawo da dare, ba ya cikin wannan lissafi. A Maris 2022 sai da gwamnati ta aika jirgi Dakar ta kwaso ɗaruruwan ƴan Nijar masu bara, yawancinsu mata da yara. Sunan Allah da ake kira a wannan sana'a ba ya wanke ta.

Shin wahalar ta yi amfani? Binciken ƙasa na 1992 ya nuna cikin yara 1,000 da aka haifa a Nijar, 318 ba su kai shekara biyar ba. Wani nazari da mujallar The Lancet ta buga a 2012 ya nuna adadin ya sauko daga 226 a 1998 zuwa 128 a 2009. Ba baƙi kaɗai suka yi wannan ba, ba ma su ne kan gaba ba: akwai ƙananan gidajen likita na karkara da aka gina daga 2001, da maganin kyauta ga yara ƴan ƙasa da shekara biyar daga 2006, da gidan sauro, da allurar rigakafi. Akwai kuma ɗan ƙunshin nan na tunkuzar gyaɗa da madara, Plumpy'Nut, giram 92, wanda aka ƙirƙiro a Faransa a 1996, aka soma yin sa a Yamai tun 2005, wanda ya sa yawancin yara ke warkewa a gida, a cinyar uwa, ba a gadon asibiti ba.

Fararen baƙi sun ragu ƙwarai a hanyoyin Adar. Masu aikin sa kai na Amurka, Corps de la Paix, da suka shigo Nijar a 1962, an kwashe su a Janairun 2011 bayan sace Faransawa biyu a Yamai. Dokar ta-ɓaci ta hau Tiliya da Tasara a 2017, kuma bayan juyin mulkin 2023 hukuma ta rufe ƙofa ga wasu ƙungiyoyin waje. Ma'auni da kofi da alli sun koma hannun da dama can su ne ke ɗauke da mafi nauyinsu: majo ɗan Gaya da aka tura Tebaram, ungozoma ƴar Difa a Bagarwa, malamin kwantaragi Bazabarme da ke koyon Hausar Adar a bakin ɗalibansa yana jiran albashin da ya makara. Takarda ba ta kiran su baƙi, amma kilomita ɗari takwas daga ɗakin uwarka ƙasar waje ce a zuci. Ƙyallen awon damtse kuwa, tun da aka gwada a Mirya aka ga iyaye mata na iya karanta launinsa kamar ma'aikaci, an soma raba musu shi su riƙe a gida. A ƙauyukan da ya kai, yana rataye a ƙusa kusa da faifai da ludayi, kuma matar da mijinta ke Abijan ita ke ɗaura wa ɗanta shi, ta duba, ta kira na maƙwabta su ma su miƙo hannu.